AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Dokar Hana Busa Sigari Cikin Jama'a

Cikin wasiƙun da suka taru mana a wannan mako akwai guda uku da suka zo da tambaya kusan iri ɗaya. Ɗaya ta fito daga Kawo, ɗaya daga Unguwar Shanu, duk a cikin garin Kaduna, ta ukun kuwa daga ƙasar Giwa, wurin wani manomi wanda ɗansa kan zo cin rani yana aiki a gidan abinci. Ga abin da suke son sani: Shin da gaske ne akwai dokar da ta hana shan sigari a otal da gidan abinci da tashar mota? In akwai, yaushe aka kafa ta, kuma don me? Sa'an nan wanda bai taɓa sa kara a bakinsa ba, hayaƙin wani yana iya yi masa lahani?

To, mun gode ƙwarai da waɗannan tambayoyi. Amsa a gajarce ita ce: e, akwai doka, kuma e, hayaƙin yana lahani. Amma sai ka gyara zama, malam, domin maganar tana da tarihi. In ka bi tarihin da kyau za ka ga abu ɗaya: wanda irin wannan doka ta fi amfana shi ne mutumin da neman abinci ya ɗaure shi a ɗakin da ake busa hayaƙin. Baƙo ya ci abincinsa, ya zuƙi karansa, ya kaɗe riga ya tafi. Yaron da ke kwashe kwanoni kuwa yana nan daga safe har dare, kullum ta Allah.

Yadda taba ta iso ƙasar Hausa

Ita dai taba asalinta daga nahiyar Amurka take. Turawa sun same ta wurin mutanen can bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, suka kai ta Turai, daga nan fatake da matuƙan jiragen ruwa suka yaɗa ta ko'ina. Wajen shekara ta 1600 ta riga ta shiga Maroko da Tambutu, har malamai suka fara muhawara a kanta. Shahararren malamin nan Ahmad Baba na Tambutu yana cikin waɗanda suka ba da fatawa cewa ba haramun ba ce, wasu malamai kuma suka ce haramun ce. Ka ga ke nan gardamar taba ta haura shekara 400.

Sarakuna ma sun gwada hana ta. A 1604 Sarkin Ingila James na Ɗaya ya rubuta ɗan littafi yana kushe ta, ya kuma lafta mata haraji. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya hana shan ta, da hukuncin kisa a kan wanda aka kama. Amma lura, cikin dalilansu na wancan zamani akwai addini, da tarbiyya, da tsoron gobara. Ba wanda ya kawo maganar huhun baran da ke tsaye kusa da mai shan.

A nan ƙasar Hausa taba ta samu gindin zama a fadamu da bayan gida. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratso tsakanin Katsina da Kano a 1851, ya ga gonakin taba da idonsa. Kakanninmu sun san taba gari, wadda ake dakawa da kanwa a zuba a baki ko a shaƙa a hanci. Sun san lofe da tukunyar taba. Mata kuma kan goga furen taba a haƙora tare da goro don ado. Galibi wannan shan na dattawa ne, a zaure ko a gindin itace, inda iska ke kaɗawa. Mai taba gari kuwa ba ya tayar wa kowa hayaƙi, cutarsa a kansa take tsayawa.

Zuwan sigari da kamfani

Abin da ya sauya al'amari shi ne sigari ta kamfani. Kamfanin BAT na Ingila ya fara da shigo da ita daga waje, daga baya ya kafa masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Kamfanin Taba na Nijeriya, wato NTC, wanda ya buɗe masana'anta a Fatakwal a 1956, sa'an nan ta Zariya a 1959. Dattawan manoma na ƙasar Zariya da ta Sakkwato ba su manta ba: kamfani ya ba ka iri da taki, malamin gona ya zo duba, in ganye ya bushe a auna a ba shi daraja, a cire bashi a ba ka saura. Mutane da yawa sun yi aure da kuɗin taba, wasu sun sayi keke, wasu sun yi rufin kwano. Wannan gaskiya ce, ba mai musun ta.

Sigari ta fi lofe sauƙin ɗauka da sauƙin kunnawa. Kwali a aljihu, ashana a hannu, shi ke nan. Mai tebur yana sayar da ita kara-kara, ko yaro na iya saye. Ga talla a rediyo da allunan bakin hanya da majigi, ana nuna wa samari cewa wayewa ke nan. Waɗanda suka manyanta za su tuna da Three Rings mai zobe, da Target, da Gold Leaf, da Benson ta masu hannu da shuni. Da haka hayaƙi ya tashi daga gindin itace ya shiga ofis, ya shiga silima, ya shiga mota, ya shiga ɗakin cin abinci.

Kaduna, garin ma'aikata

Yanzu bari mu dawo Kaduna, tunda daga nan tambayar ta fito. Kaduna gari ne da Turawa suka kafa, suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru. Masaƙu sun zauna a kudancin kogi, wajen Kakuri. Arewacin kogi kuwa nan ne mazaunin mulki: ga majalisa a Lugard Hall, ga ofisoshin gwamnati, ga barikokin soja, ga gidajen manyan ma'aikata. Duk inda aka tara irin waɗannan mutane dole a sami masu yi musu hidima. Sai ga kuku da boyi da ɗan sabis da mai wanki da mai gadi, mafi yawansu daga ƙauyuka suka zo.

A zamanin Sardauna aka gina otal ɗin Hamdala. Aka gina otal ɗin Durbar domin baƙin hawan daba na bikin FESTAC a 1977, wanda aka rushe a 2020. Ban da waɗannan manya, ga ƙananan masaukai da gidajen abinci a titin Ahmadu Bello, da kewayen babbar kasuwa wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da tashar Kawo, da ta Mando. Ga masu shayi da masu tuwo a kowace unguwa, daga Unguwar Sarki har Badarawa da Malali. A wancan zamani farantin toka yana cikin kayan tebur a duk wani babban otal, kamar cokali da gishiri. Aikin ɗan sabis ne ya kwashe tokar, wani lokaci ma shi zai ƙyasta wa baƙo ashana. Ba wanda ya ɗauka ana cutar da shi, shi kansa bai ɗauka ba.

Abin da likitoci suka gano

A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna cewa shan sigari na da alaƙa da ciwon dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto ya tabbatar da haka. Sai masu sha suka ce, to, ai jikinmu ne da kuɗinmu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Maganar ta tsaya nan har wajen shekara 17.

A 1981 wani likita a Japan mai suna Takeshi Hirayama ya fito da sakamakon wani dogon bincike. Ya bi lafiyar matan aure sama da 90,000 waɗanda ba sa shan taba, shekara da shekaru. Sai ya ga matan da mazansu ke sha sun fi kamuwa da dajin huhu a kan matan da mazansu ba sa sha, kuma gwargwadon yawan shan miji, gwargwadon haɗarin matar. Ashe ruwan ba tsuntsun kaɗai yake doka ba, har da na kusa da shi. A 1986 babban likitan Amurka ya sake fitar da rahoto yana tabbatar da cewa hayaƙin wani na jawo cuta ga mai lafiya wanda ba ya sha.

Ga yadda abin yake, a sauƙaƙe. Hayaƙin da ke cika ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda mai sha ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan yana ci da kansa a hannu ko a faranti. Wannan na biyun bai bi ta audugar gindin kara ba, kai tsaye yake shiga iska. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo daji. Akwai kuma iskar gubar nan irin wadda ke fita daga salansar janareta, wadda kuka sha jin ta hallaka mutane a ɗaki a rufe. Ta sigari ba ta kai ta kashe nan take ba, amma tana rage wa jini ƙarfin ɗaukar iska mai kyau. Rahoton babban likitan Amurka na 2006 ya ce wanda ba ya sha, amma yana shaƙar hayaƙin a gida ko wurin aiki, haɗarin ciwon zuciya gare shi yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na dajin huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Ga yara kuwa, yana tayar da asma da ciwon kunne da ciwon ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 da ba sa shan taba suna mutuwa duk shekara saboda hayaƙin wasu.

To, su wa suka fi kowa shaƙa? A 1993 wani likita a Amurka, Michael Siegel, ya tattara awon da aka yi a wurare dabam-dabam. Ya samu cewa hayaƙin da ke gidajen abinci ya kusa ninka na ofisoshi sau biyu, na mashaya kuwa ya ninka sau huɗu zuwa shida. Ka ji inda gizo ke saƙa. Akawu na ofis da ɗan sabis na otal duk ma'aikata ne, amma huhun ɗaya ya fi na ɗaya shan wahala, alhali shi ne mai ƙaramin albashi.

Da ma'aikata suka buɗe baki

Waɗanda suka fara kuka da ƙarfi su ne ma'aikatan jiragen sama, masu raba abinci a sararin samaniya, inda ba taga balle a buɗe. A Amurka an hana sha a gajerun tafiye-tafiye na cikin gida a 1988, aka faɗaɗa a 1990. A 1991 ma'aikatan suka kai kamfanonin taba ƙara, a 1997 kamfanonin suka yarda su biya dala miliyan 300 don a kafa cibiyar bincike.

Jihar Kalifoniya ta hana sha a gidajen abinci a 1995, ta haɗa da mashaya a 1998. Likitoci suka auna ma'aikatan mashaya 53 a birnin San Faransisko kafin dokar da bayanta. Kafin doka, kusan kashi uku cikin huɗu suna fama da tari ko shessheƙa ko majina. Cikin wata biyu da hanawa, fiye da rabin masu wannan kuka sun daina. Ba allura, ba ƙwaya, iska kawai aka gyara.

A ƙasar Kanada akwai wata mata mai suna Heather Crowe. Ta yi shekara 40 tana raba abinci a gidajen cin abinci, ba ta taɓa shan sigari ba. A 2002 aka gano tana da dajin huhu, hukumar biyan diyyar ma'aikata ta yarda cewa a wurin aiki ta samo shi. Sauran kwanakinta ta ƙare su tana zagaya ƙasar tana roƙon a yi doka. Ta rasu ran 22 ga Mayu, 2006, saura kwana tara dokar lardinsu na Ontariyo ta fara aiki.

Ƙasar da ta fara hana sha a dukan wuraren aiki na cikin gini, har da mashaya da gidajen abinci, ita ce Ailan, maƙwabciyar Ingila, ran 29 ga Maris, 2004. Masu mashaya sun yi ta kururuwa cewa kasuwa za ta mutu. Kasuwa ba ta mutu ba. Da aka auna yawun ma'aikatan da ba sa sha, sai aka ga alamar nikotin a jikinsu ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Ingila ta bi sahu a 2007. A 2009 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba abin da ya faru a ƙasashe da yawa, ta ce irin wannan doka ba ta karya cinikin gidajen abinci da mashaya.

Dokar soja ta 1990

Kada ka ɗauka Nijeriya ta makara a wannan fage. Tun a 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Dokar Soja mai lamba 20 ta taƙaita shan taba. Ministan lafiya na lokacin shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wan mawaƙin nan Fela. Dokar ta hana sha a wurare bakwai: gidajen silima, ofisoshi, motocin haya da sauran abin hawa na jama'a, na'urar hawa bene, asibitoci, makarantu, da wuraren renon yara. Ita ce kuma ta tilasta a rubuta gargaɗin Ma'aikatar Lafiya a jikin kwali, har da wanda ke cewa masu shan taba na iya mutuwa da ƙuruciya.

Hukuncin wanda ya karya ta shi ne tarar Naira 200 zuwa 1,000, ko ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara biyu, ko a haɗa masa duka. Kada ka raina Naira 200 ta lokacin. Mafi ƙarancin albashi da aka yanka a 1981 Naira 125 ne a wata, ka ga tarar ta fi albashin lebura.

Amma sake duba jerin nan na wurare bakwai. Ina gidan abinci? Ina otal? Ina mashaya? Babu su. Wato akawun da ke sakatariya doka ta kare shi, ɗan kallo a silima ta kare shi, fasinja a motar Kawo zuwa Zariya ta kare shi, amma kuku da ɗan sabis da yarinyar mai tuwo, waɗanda suka fi kowa shaƙa, an bar su a baya. Ko wuraren da ta ambata ma, dokar ta fi ƙarfi a takarda. Direba na tuƙi da kara a baki, fasinja ya yi magana a ce masa in ya ji haushi ya sayi tasa motar.

Daga 2005 zuwa 2015

A 2003 ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya ta yaƙi da taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nijeriya ta sa hannu a 2004, ta tabbatar da ita a Oktoban 2005. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya wajabta wa kowace ƙasa ta kare mutane daga hayaƙi a wuraren aiki na cikin gini, da abin hawa na haya, da wuraren taruwar jama'a. A 2007 aka ƙara bayani cewa babu wani ɗan ƙaramin hayaƙi da za a ce ba ya lahani, kuma fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ko raba tebura ba sa magani. Maganin kawai a fitar da hayaƙin waje gaba ɗaya.

A wannan tsakani ana ja ta gaba ana ja ta baya. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta ƙulla yarjejeniya da BAT ta zuba jarin dala miliyan 150, aka buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan a 2003. A ɗaya gefen, maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar taba a 2006. A 2007 gwamnatin tarayya da wasu jihohi, har da Kano, suka kai kamfanonin taba kotu. Abuja ta hana sha a bainar jama'a a 2008. Majalisar tarayya ta zartar da sabon ƙuduri a 2011, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba, ya mutu. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2014.

A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi bincike gida-gida. Suka samu cewa manya masu shan taba ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma cikin waɗanda suka shiga gidan abinci, kusan kashi 29 cikin 100 sun shaƙi hayaƙi a can, cikin masu aiki a cikin gini kuma kashi 17. Duba fa, malam: mutum huɗu cikin ɗari ke sha, amma kusan mutum uku cikin goma na masu shiga gidan abinci ke shaƙa.

Daga ƙarshe, a watan Mayun 2015, saura 'yan kwanaki ya sauka, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1990. A 2019 majalisa ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Shekara 25 ke nan cif tsakanin doka ta farko da wadda ta tuna da ma'aikacin gidan abinci.

Abin da dokar 2015 ta ce

Doka ce ta tarayya, saboda haka ta hau kan Kaduna kamar yadda ta hau kan Kano da Katsina da Sakkwato. Ta hana sha a asibiti da makaranta da wurin renon yara. Ta hana a motar haya da Keke Napep da tashar mota da filin wasa. Ta shigo da gidajen abinci da mashaya da sauran wuraren taruwa. Wanda ya sha a inda aka hana, hukuncinsa tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Abin da ya fi muhimmanci ga ma'aikaci shi ne, dokar ta ɗora nauyi a kan mai wurin. Mai otal ko manajan da ya ƙyale ana sha bai hana ba, shi ma ya yi laifi.

'Yan tireda da masu tebur, ku ma ku saurara da kyau. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa shi ya sayar. Ta hana sayarwa kara-kara, sai dai kwali mai kara 20. Ta hana talla. Daga 2021 kuma aka fara buga hotunan cututtuka a jikin kwali. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin BAT tarar dala miliyan 110, bisa laifuffukan da suka haɗa da saɓa wa dokokin taba.

Sai dai dokar ta bar wata kafa. Ta yarda a keɓe wurin masu sha a wasu gine-gine, bisa sharuɗɗa. To, mu tambayi kanmu: wa zai kai shayi wannan keɓaɓɓen wuri? Wa zai share shi, ya kwashe toka? Ai ma'aikacin nan ne dai. Kuma hayaƙi bai san iyaka ba, kamar ka ce ka zuba gishiri a gefe ɗaya na tukunyar miya. Kafa ta biyu ita ce aiwatarwa. Kowa ya je bakin tasha ya san har yanzu ana sayar da kara ɗaya, ana kuma kunna shi nan take a kan bencin mai shayi. Ga kuma shisha da ta shigo gari, samari na ɗauka ruwan da ke cikin tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. Shisha taba ce, ga hayaƙin gawayi a kai, kuma yaron da ke hura gawayin yana zagaya tebura shi ya fi kowa kwasa.

Shawara ga mai karatu

In kai ne mai gidan abinci ko mai shayi, rubuta sanarwa da Hausa, da boko da ajami in ya samu, ka manna inda kowa zai gani. Kwashe farantin toka. Wanda ya matsu ya fita waje, nesa da ƙofa da taga. Ka faɗa da fara'a, ka ce doka ce, kuma don lafiyar yaranka ne. Ka tuna lissafin nan na 2012: marasa sha sun fi masu sha yawa nesa ba kusa ba, kuma mai iyali ya fi son ya zauna inda ba a busa wa 'ya'yansa hayaƙi. Yaron da ba ya tari kuma ba ya fashin aiki.

In kai ne ma'aikacin, kada ka yi faɗa da baƙo, abincinka ne a hannunsa. Ka sami maigidanka a keɓe ka gaya masa cewa doka ta ɗora masa nauyi. In kuna da ƙungiya, ta masu shayi ko ta masu abinci ko ta 'yan tasha, ku kai maganar can a yanke ta gaba ɗaya, don kada wani ya ji tsoron ciniki zai koma wurin maƙwabcinsa. In tari ya wuce mako biyu, ko ka ga jini a kaki, ko numfashi na yi maka wuya, tafi asibiti, kada ka tsaya ga mai tallan magani. Masu girki kuma, da ma kuna fama da hayaƙin itace, wanda shi ma yana cin ƙirji. Ku fitar da murhu inda iska ke ratsawa, kada a haɗa muku biyu.

In kai ne uban da ke tura yaro birni cin rani, yadda kake tambayar nawa za a biya shi da inda zai kwana, ƙara da tambayar irin ɗakin da zai wuni a ciki. Kuɗin rani kan ƙare kafin shuka ta fito, amma ƙirjin da ya lalace da shi za a yi noman damina.

Kai kuma mai sha, ba mu zo mu ci maka mutunci ba. Mun san barin ta da wuya, nikotin kama jiki yake yi. Allah Ya ba ka ikon bari. Kafin nan, taku goma zuwa waje ba za su rage ka da komi ba, kuma ka sauke haƙƙin wanda ya kawo maka abinci.

Nan za mu dakata a wannan mako. Masu tambaya a kan farashin taki da maganin ƙwarin wake, mun ga wasiƙunku, suna nan tafe in Allah Ya kai mu. Ku ci gaba da aiko mana. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a gona da kasuwa. Mu kwana nan.